Abin Da Ke Kayar Da Ɗan Dashen Albasa Tun Yana Wurin Reno

A ƙarshen damina, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, duk wanda ya bi gaɓar Kogin Kwara daga Shanga, ya gangaro Yelwan Yawuri, ya zarce ƙauyukan Ngaski da ke bakin Tafkin Kainji, zai riƙa cin karo da 'yan ƙananan fangaloli waɗanda aka lulluɓe da busasshiyar ciyawa. A cikinsu ake renon irin albasa, wani lokaci da na tumatir da attarugu, kafin a cire a kai lambu a dasa. Fangalin reno bai fi taku kaɗan ba, amma noman ranin gidan gaba ɗaya a kansa ya dogara. Ɗan dashen albasa yakan yi mako 6 zuwa 8 kafin ya isa dashe. Idan ya lalace a mako na biyu ko na uku, manomi ya yi asarar kuɗin iri, ya kuma yi asarar lokaci, wanda shi ne ya fi ciwo. Albasa tana son ta yi lawashi sosai cikin sanyin hunturu kafin ta fara ƙwai, kuma wadda aka dasa a makare zafin bazara yakan riske ta tana ƙarama.

Mutanen wannan yanki ba baƙin albasa ba ne. Tun kafin a gina madatsar ruwa ta Kainji, an san Gungawa, mazauna tsibiran kogin, da noman albasa a bakin ruwa, suna ɗibar ruwa da ƙwarya suna shayar da ita. Da aka fara aikin madatsar a 1964 aka kammala a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa masu yawa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Tafkin da ya samu yana da tsawon kilomita kusan 136, kuma ruwansa ba ya tsayawa wuri guda: tsakanin cikarsa da janyewarsa a shekara akan sami bambancin kimanin mita 10. Yakan yi ƙasa sosai wajen tsakiyar damina, sa'an nan ya hau da sauri idan farin ruwa ya iso, wato ambaliyar ruwan saman da aka yi a nan kusa. Daga baya baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini ya ratso Mali, shi ke riƙe tafkin a cike har cikin hunturu. Ma'anar wannan ga mai reno ita ce, daidai lokacin da yake yafa iri, ruwa yana hawowa a tafki, yana kuma hawowa a ƙarƙashin ƙasar da ke kusa da shi. Fangalin da aka ga samansa a bushe yana iya kasancewa a jiƙe sharkaf daga ƙasa.

Ɗan tsiro ba ya magana, amma jikinsa yana nuna abin da ke damunsa. Abin da ake bukata shi ne a duba wane sashe ne alamar ta fara bayyana, kafin a ɗauki garwa ko buhun taki.

Idan Iri Bai Fito Ba

Ƙwayar iri tana ɗauke da ɗan tayin tsiro da guzurin abincinsa. Abu 3 take jira: ruwa, iskar oksijin da ɗumi daidai gwargwado. Irin albasa yakan fito cikin kwana 7 zuwa 10, na tumatir ya ɗan riga shi, na barkono da attarugu kuwa yakan kai mako 2. Idan wa'adin ya wuce ba a ga komai ba, abin da za a fara tuhuma shi ne irin kansa. Irin albasa yana cikin waɗanda suka fi saurin mutuwa a ajiye. Wanda ya shekara a ɗaki mai zafi da laima, yawancinsa ya riga ya mutu, ko da yake a ido baƙi ne sumul kamar sabo. Gwada shi ba wuya: a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a tsumma mai laima, a ajiye a inuwa, a ƙirga waɗanda suka tsaga bayan kwana 10. Adadin da aka samu shi ne kashi nawa cikin 100 na irin ke da rai. Da yake giram 1 na irin albasa yana ɗauke da ƙwaya 250 zuwa 300, wannan gwaji ba ya cin ko rabin giram.

Sauran dalilan su ne zurfin shuka da taurin saman ƙasa. Santimita 1 ya ishi irin albasa. Fitowarsa ma abin kallo ce: ganyen farko ba ya fitowa a miƙe, yana fitowa ne a lanƙwashe kamar gwiwa, gwiwar ce ke huda ƙasa, daga baya ta janyo ƙarshen ganyen waje. Ƙasar bakin tafki mai laka, idan aka kwarara mata ruwa rana ta buga ta, takan yi ɓawo mai tauri wanda wannan 'yar gwiwa ba ta iya fasawa. Amfanin ciyawar da ake rufawa ke nan. Sai dai wajibi ne a yaye ta da zarar tsiro ya leƙo, saboda dalilin da zai zo a gaba.

Ruɓewar Wuya

Babbar masifar wurin reno ita ce wadda manomi zai kwanta fangalinsa kore shar, ya wayi gari ya tarar da wani yanki kamar faɗin faifai ya kwanta. Washegari yankin ya ƙara faɗi. Idan aka tumɓuke ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi aka duba da kyau, za a ga ganyen bai riga ya bushe ba, amma wuyan tsiron, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, ya yi laushi, ya jiƙe, ya tsuke kamar an ɗaure shi da zare. Saiwar kuma, maimakon fara tas, ta koma ruwan ƙasa, tana saɓulewa a tsakanin yatsu.

Ruwa ba ya tsami banza. Masu wannan aika-aika wasu ƙananan halittu ne da ke zaune a cikin ƙasa, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girman abu. Mafi shahara a cikinsu su ne Pythium da Rhizoctonia solani da Fusarium. Biyun ƙarshe dangin funfuna ne na ainihi, irin wadda ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu. Shi kuwa Pythium, wanda masanin tsirrai Bajamushe Nathanael Pringsheim ya raɗa wa suna a 1858, an daɗe ana lissafa shi cikin funfuna saboda kamanni, har bincike ya nuna cewa danginsa na kusa wasu tsirran ruwa ne na teku. Ɗan'uwansa, Phytophthora infestans, shi ne ya ruɓar da dankalin ƙasar Ailan daga 1845, aka yi yunwar da ta kashe mutane kimanin miliyan 1.

Wannan asali na ruwa shi ne sirrin cutar. Idan ƙasa ta cika da ruwa, Pythium yakan saki 'ya'ya masu ɗan gashi guda 2 da suke iyo da shi. Saiwar ɗan tsiro tana zubar da ɗan sukari da wasu sinadarai a kewayenta, su kuma 'ya'yan suna bin wannan ɗanɗano har su iso gare ta, su manne, su huda, su saki sinadaran da ke narkar da abin da ya liƙa ƙwayoyin jikin tsiron da juna. Shi ya sa wuyan yake yin laushi. Cikin kwana 1 ko 2 an samar da sababbin 'ya'ya, su yi iyo zuwa tsiro na kusa, shi ya sa ɓarnar take faɗaɗa a zagaye. Idan kuwa ƙasar tana da laima ne kawai, ramukan da ke tsakanin ƙwayoyinta cike da iska, to babu hanyar iyo. Halittar tana nan a ƙasar, tana iya yin shekaru a kwance cikin ƙwanso mai kauri, amma ba ta da abin hawa. Akwai kuma wani jinsi nasa, Pythium aphanidermatum, wanda ya fi ƙarfi idan zafi ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyos, wato irin yanayin ƙarshen damina a ƙasar Yawuri.

Ruwan da ya yi yawa yana cutarwa ko da babu wata halitta. Saiwa tana numfashi kamar kowane sashe mai rai, kuma oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. Saiwar da ta nutse takan shaƙe, ta daina shan ruwa, sai ganye ya yi yaushi alhali tsiron yana tsaye cikin ruwa. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa: mai reno ya ga yaushi, ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Da yawa daga fangalolin da ke mutuwa ba sakaci ya kashe su ba, yawan hidima ne. Kafin a ba da ruwa, kamata ya yi a tura yatsa cikin ƙasa kamar santimita 3, ko a damƙi ƙasar a matse. Idan ta dunƙule, aka taɓa ta ta wargaje, laimar ta yi daidai. Idan ta bar danshi yana ƙyalli a tafin hannu, to garwa ta huta a ranar.

Tsiron da wuyansa ya ruɓe ba ya tashi, kuma babu maganin da zai maido shi. Abin yi shi ne a kwashe waɗanda suka faɗi tare da ƙasar gindinsu da na gefensu, a kai nesa, a rage ruwa, a buɗe fangalin ya sha iska da rana. Abin farin ciki shi ne lokacin hatsarin gajere ne. Bayan mako 3 zuwa 4 kara ya fara tauri, cutar ba ta iya huda shi da sauƙi. Duk dabarun rigakafi, in an lura, ƙoƙari ne na tsallakar da tsiro waɗannan makonni. A ɗaga gadon reno sama da ƙasa kamar santimita 15 zuwa 20, a wuri mai ɗan tudu, nesa da inda ruwan tafki zai iso, faɗinsa kada ya wuce mita 1 domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. Fangali mai zurfi, wanda ya dace da tsakiyar rani, tarko ne a watan Satumba. A shuka a layi, tsakanin layi da layi santimita 10 zuwa 15, maimakon a yafa iri ya fito cunkus kamar gashi, domin cunkoso yana riƙe raɓa a wuyan tsirrai har rana ta yi sama. A ba da ruwa da safe. Kada a maimaita reno a wurin da ya mutu bara.

Al'adar ƙona kara ko ɓuntun shinkafa a kan gado kafin shuka tana da hujja a kimiyance, don zafi yana kashe waɗannan halittu a saman ƙasa. Akwai kuma hanyar da Jaacov Katan da abokan aikinsa suka bayyana a Isra'ila a 1976: a jiƙa ƙasa, a shimfiɗa mata farar leda mai nuna ciki, a binne gefunanta, a bar ta mako 4 zuwa 6 a rana, sai zafin da ya taru ya gasa saman ƙasar. Wannan ya fi aiki a bazara, watannin Maris da Afrilu, ba a lokacin hadari ba. Garin maganin da ake cuɗa iri da shi, irin su Apron Star, yana kare tsiro a kwanakin farko. Guba ne, ba a taɓa shi da hannu tsirara, ba a kuma ajiye irin da aka cuɗa kusa da abinci ko inda kaji za su tsattsaga.

Akwai abu guda da ke kama da wannan cuta har ya ruɗi mutum. A ƙasa mai yashi, da tsakar rana, saman ƙasa yana iya yin zafin da zai ƙona wuyan tsiro ya faɗi. Bambancin shi ne tabon ƙuna fari-fari ne, busasshe, sau da yawa a gefe guda, kuma saiwar tana nan fara lafiya lau. Maganin wannan 'yar rumfa ce mai barin haske ya ratso.

Tsawo Ba Lafiya Ba Ne

Wani lokaci tsirrai sukan fito dogaye, sirara, launinsu fari-fari, su riƙa kwanciya da kansu. An fi ganin haka inda aka bar ciyawar rufi ta daɗe, ko aka yi rumfa mai duhu, ko aka yi reno a gindin mangwaro, ko a cikin ɗaki. Wanda bai sani ba sai ya yi murna cewa shukarsa tana sauri. Alhali tsiron yana kashe guzurinsa ne wajen neman haske: a cikin duhu, ƙwayoyin kara suna miƙewa ƙwarai, ganye kuma ba ya yin koren sinadarin da yake haɗa abinci da shi. Charles Darwin da ɗansa Francis sun nuna a 1880 cewa kan tsiron ciyawa ne ke gane inda haske yake, ya aika saƙo zuwa ƙasa inda ake lanƙwasawa. A 1926 wani ɗalibi ɗan ƙasar Holan, Frits Went, ya tatso sinadarin da ke ɗauke da saƙon, wanda ake kira oksin. Idan haske ya zo ta gefe guda, oksin yakan taru a gefen inuwa, wannan gefe ya fi tsawo, sai kara ya karkata wajen taga.

Idon ɗan'adam ba abin dogaro ba ne a nan, don yana sabawa da duhu nan da nan. Hasken rana tsaka yana kaiwa lakas 100,000 a ma'aunin haske, amma ajin da ake karatu a cikinsa ba tare da wahala ba bai cika wuce 500 ba. Ƙwan lantarki ma ba ya cike gurbin sai an kusanto da shi ƙwarai, domin idan aka ninka nisan ƙaramar fitila sau 2, hasken da ke isa ganye yakan koma kashi 1 cikin 4. Tsiron da ya yi irin wannan tsawo fatarsa ba kauri, shi ne kuma ruɓewar wuya ta fi saurin kamawa.

Rawaya, Ƙuna Da Cizo

Idan ganye ya yi rawaya, a duba wanne ne ya fara. Tsiro yana iya kwashe naitirojin daga tsohon ganye ya kai wa sabo, saboda haka ƙarancinsa daga ganyen ƙasa yake farawa. Sinadarin ƙarfe kuwa ba ya ƙaura idan ya zauna, don haka ƙarancinsa a sabon ganye ake ganinsa, jijiyoyin ganyen tumatir su kasance kore, tsakaninsu rawaya. Amma kafin a ce yunwa ce, a tono tsiro ɗaya a dubi saiwarsa, tun da saiwar da ruwa ya shaƙe ba ta ɗaukar taki ko an zuba mata buhu.

Garajen zuba taki yana da nasa sakamakon. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa ya ga yadda ruwa ke tsattsafowa. Haka yuriya ko kamfa suke yi wa 'yar saiwa idan sun yi yawa: ruwa ya riƙa fita daga cikinta zuwa ƙasa, bakin ganye ya ƙone, tsiro ya tsaya cak. Kashin kaji ko na shanu wanda bai ruɓe ba shi ma yana ƙona saiwa. Taki ruɓaɓɓe da aka cuɗa da ƙasa tun kafin shuka ya ishi makonnin farko. Idan an riga an yi ɓarnar, sai a wanke gadon da ruwa mai yawa sau ɗaya, in dai yana tsiyayewa.

Tsiron da aka tarar an datse shi tsaf a wuya, ba laushi ba ruɓa, aikin gyare ne ko wata tsutsa mai fitowa da dare, wadda akan same ta a naɗe idan aka tona gindin. Fari-farin zane a jikin lawashi kuwa na wasu ƙananan ƙwari ne, tsawonsu kamar milimita 1, masu ɓuya a tsakanin ganye, waɗanda ke yawaita idan iska ta bushe.

Gwaji A Makaranta

Malami zai iya nuna wa ɗalibai yawancin wannan bayani da gwangwanin madara 4 da irin tumatir. A ɗebo ƙasa daga tsohon wurin reno, in da hali wanda ya taɓa mutuwa. Gwangwani na 1 a huda gindinsa, a ajiye a rana. Na 2 kada a huda, a ajiye kusa da na 1, a riƙa cika shi da ruwa. Na 3 a huda, a ajiye a lungun aji nesa da taga. Na 4 kada a huda, a riƙa cika shi da ruwa kamar na 2, amma ƙasarsa a fara turara ta a tukunya na minti 30, ta huce, sa'an nan a shuka. Kowanne a sa masa ƙwaya 10. Kullum ɗalibai su rubuta nawa suka fito, nawa suka faɗi, su auna tsawo da rula, har kwana 21, daga nan a zazzage a wanke saiwoyin a jera su a kan farar takarda.

Kwatanta na 1 da na 3 zai nuna aikin haske. Kwatanta na 1 da na 2 zai nuna aikin ruwa. Na 2 da na 4 su ne masu daɗin muhawara, domin ruwansu ɗaya, bambancinsu kawai halittun da ke cikin ƙasar. Gwangwani ɗaya-ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, gara kowane rukunin ɗalibai ya yi nasa 4, a haɗa sakamakon a allo. Yana yiwuwa kuma cutar ta ƙi bayyana ko kaɗan, ko ta ɓulla a gwangwanin da aka turara saboda an yi amfani da cokali ɗaya ko ruwan kududdufi. In haka ta faru, a rubuta abin da aka gani yadda yake, a sa ɗalibai su nemo ta inda halittar ta shiga.

Dashen da ya tsallake duk wannan, ya yi ganye 3 ko 4, saura mataki guda. Kwana 7 zuwa 10 kafin a cire shi, akan rage masa ruwa a cire rumfa gaba ɗaya domin ya saba da wahalar lambu. Ranar cirewa a jiƙa gadon sosai don kada saiwa ta tsittsinke, a ware duk mai tabo a wuya a zubar, a yi dashen da la'asar idan rana ta yi sanyi.